Wasiƙa daga Apapa kan riɗin da za ka fitar waje

Zuwa ga aminina Alhaji Bello,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da mutanen Gusau baki ɗaya. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a jiharmu.

Saƙonka ya iso kan riɗin da kake son fitarwa ta Legas. Don Allah kada buhu ko ɗaya ya hau mota sai takardu sun kammala. Ka fara da rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje, ka cike fom ɗin NXP, wato na bayyana kayan da za a fitar da kuɗinsu, ta bankinka, sannan bayan an yi wa kayan maganin ƙwari ka karɓi takardar lafiyar amfanin gona daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar amfanin gonan da ke shiga ko fita ƙasa. In ɗaya ta yi gardama, Kwastam ba za su saki kaya ba.

Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan tan 19, wato buhu 380 masu kilo 50. Kafin lodi ka shiga cikinta a turo ƙofa. In ka hango haske ta rufi ko ta bango, akwai huda, a mayar wa kamfanin jirgi da abarsa. Riɗin kuma ya bushe ƙayau, domin a teku rana na gasa ƙarfen, dare ya sanyaya shi, sai rufin ya yi gumi yana ɗiga kan buhunan sama, fumfuna ta kama. Shi ya sa ake shimfiɗa kwali, a rataya jakunkunan tsotse danshi. Kada ka yi tsimin kuɗinsu.

Tirela ba ta shiga tashoshin jiragen ruwa na Apapa ko Tin Can sai da tikitin Eto, wato izinin shiga da ake yanka ta intanet, wanda hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, NPA, ta kawo a 2021. Tun 2016 kuma ba a ɗora wa jirgi kwantenar da ba a tabbatar da nauyinta ba, don haka a hau sikeli da wuri. Kowane jirgi yana da ranar rufe karɓar kaya. Wanda ya makara, kwantenarsa za ta zauna jiran jirgi na gaba, tasha na lissafin kuɗin ajiya kullum, kamfanin jirgi na lissafin nasa. A nan ribar mutanenmu take narkewa, abin yana ci min rai.

Ka nemi ejan mai lasisin Kwastam da zai bi maka takardu a tasha, ka ga lasisin da idonka. Ka kuma leƙa tashar kwantena ta kan tudu da ke Funtuwa ka ji farashinsu, tunda tana kan hanyarka. Kuɗin cinikin dole su dawo ta banki cikin kwana 180.

Ka gaishe min da Hajiya da yara.

Naka,
Sani