Rahoton Ayyukan Shekarar 2025

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne.

Tarukan wata na ƙungiyarmu ta nan Girinsboro, a jihar North Carolina ta Amurka, an yi su, ban da na azumi. Gaisuwar mutuwa da barkar suna duk an je, Allah ya ba da lada.

Sai maganar takardar labarai, wadda nake ta shan tambaya a kanta ko a bakin masallaci. Kun tuna abin da ya sa muka ɗauko ta. A farkon shekarar nan jaridar yankin nan Triad City Beat, wadda ake ɗauka kyauta tun 2014, ta rufe. Watan Maris kuma sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit. Muka ce to, mu riƙa tsinto labarin Girinsboro da gundumar Gilfod muna juya shi da Hausa, shafi huɗu duk wata. Fitowa biyu muka yi, ta uku tana nan kwance a kwamfutata. Ba sakaci ba ne. Mutum shida suka ɗaga hannu ranar da aka raba aiki, biyu muka rage, kuma ɗayanmu aikin dare yake yi a sito. Kuɗin bugawa daga kuɗin wata ake cira, fiye da rabinku kuwa ba ku biya ba tun Babbar Sallah. Na kira, na aika saƙo, har na fara jin kunyar kaina kamar mai bin bashin gado. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ya rage a asusu da shi muka sabunta rajistar jaridun garin nan, News & Record da Carolina Peacemaker, waɗanda ke kan tebur a ofis, ga mai son karantawa.

Abin da ya wanke mana rai shi ne zaman watan Satumba. Alhamdu lillahi, kujeru ba su isa ba, matasa a tsaye. Baƙuwarmu, dattijuwar da ta yi ritaya daga aikin jarida a yankin nan, ta zo da jarida biyu a jaka, ɗaya ta shekarun baya, ɗaya ta makon. Ta ɗaga su sama: ta dā kamar bandir ɗin shadda, ta yanzu kamar takardar ƙosai. Ta bayyana yadda tallan motoci, gidaje da neman ma'aikata suka koma intanet, kuɗi suka bi su, ma'aikata suka ragu. Ta ba mu labarin yadda News & Record ta sauya hannu: kamfanin attajiri Warren Buffett ya saye ta a 2013, Lee Enterprises na jihar Ayowa ya karɓa a 2020. Ta kuma ce kada mu raina Carolina Peacemaker don mako-mako take fitowa, tun 1967 take ɗauko labarin baƙaƙen fatar garin nan.

Wani baba daga cikinmu ya tambaya nawa ake ba ɗan jarida ya zo taro. Da aka fassara mata sai ta dafe ƙirji, ta ce ko sisi, wanda ya karɓa ma aikinsa ne a bakin ƙofa; sanarwar rasuwa da talla su ake biya. Ɗaki ya ɗauki dariya, don duk mun san abin da baba ke nufi. Daga nan ta zaunar da yara, kowa ya rubuta wasiƙa ga edita a kan abin da ke damunsa, yawanci motar makaranta da kuɗin haya. Iyayenmu mata sun kawo dambu da kilishi, har ta nemi a ƙulle mata. Allah ya saka.

Abin takaici, da zaɓen magajin gari da kansiloli ya zo a Nuwamba, takardar da ya kamata ta gaya wa masu ƙuri'a su wa ke takara ba ta fito ba. Masu turo mana jita-jitar Yamai da Abuja dare da rana a WhatsApp, ko ɗaya bai ce a ba shi sakin layi ya fassara ba.

Ana neman mutum uku masu jin Turanci, awa biyu a mako. Mai bashi ya zo da kuɗinsa taron Janairu, ma'aji zai karanta sunaye. Wanda ya ari kyamarar ƙungiya ranar suna kuma ya dawo da ita, har da cajarta.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya