Godiya ga maƙeran bindiga na Colonial Williamsburg

Zuwa ga shugaban maƙera da almajiransa, gidan tarihi na Colonial Williamsburg, garin Williamsburg, jihar Bajiniya, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa, sannunku da aiki. Mun rubuto ne mu gode muku a bainar jama'a saboda tun shekarun 1960 maƙerarku ke ƙera doguwar bindigar ɗuri da hannu, bututu da kunama da ƙota, a idon duk mai son kallo. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ɗan akwatin nan da kuke fafewa a gefen dama na gindin ƙota. Da yawa sun ɗauka ado ne, alhali kayan aiki ne: a cikinsa ake ajiye maiƙo da ƙyallen ɗuri.

Dalilinsa a fili yake. Bututun irin wannan bindiga yana da tsagi a murɗe daga ciki, saɓanin bindigar toka ta wajenmu wadda cikinta sumul yake. Don haka curin dalma ba ya cika bakin, ƙyallen da ake naɗe curin da shi ne ke cike giɓin ya kama tsagin. A bututu mai faɗin inci 0.50 ana sa curi mai 0.490 da ƙyallen lilin ko auduga mai kaurin 0.015. Nailan ba ya yi, narkewa yake. Busasshen ƙyalle kuwa ƙonewa yake yi ko ya yage wajen ɗuri. Dole sai da maiƙo, wanda kuma shi ke tausasa daskararren baƙin da albarushi ke bari, har a samu ɗuri na biyu ya shiga.

Wanda ya tsaya ya kalli aikinku zai gane cewa akwatin, ko mai murfin katako da ake zamewa ko mai murfin tagulla, ba a yi shi don mai ruwa-ruwa ba. Katako shan mai yake yi. Idan man ya ratsa, ƙota ta yi baƙi ta yi taushi, kusoshin murfin su saki, tagullar ta yi kore. Abin da ya dace a zuba shi ne kitse mai tauri: na tumaki ko na barewa, a narka shi a wuta kaɗan-kaɗan, a tace da ƙyalle, a haɗa da kakin zuma. Lokacin zafi kashi 1 na kaki ga kashi 2 ko 3 na kitse, domin kaki sai zafi ya haura digiri 60 na ma'aunin Celsius yake narkewa. Da sanyi a rage kakin, in ba haka ba yatsa ba zai iya lakato shi ba. Kada gishiri ya shiga, tsatsa yake kawowa. Man fetur da danginsa, irin su giris na mota, suna haɗuwa da baƙin albarushi su zama kamar kwalta. Kafin a fara zuba komai a shafe cikin ramin da narkakken kaki ya toshe ƙofofin katakon.

A ganinmu ma ya fi kyau a yanka ƙyallaye, a shafe su, a jera kaɗan a ciki, daidai na farauta ɗaya. Idan suka daɗe da kitse zaren yana ruɓewa. Mai shakka ya tsinci ƙyallen da ya harba 'yan taku gaban bakin bindiga: in ya fito da huji ko a yayyage, ko dai ya tsufa ko maiƙon bai isa ba. In maiƙon ya yi yawa kuma, yana jiƙa albarushi idan bindigar ta wuni a ɗure.

Mutanen duwatsun Tenesi da Karolaina ta Arewa, a ƙarni na 19, sau da yawa rami kawai suke haƙawa ba murfi, su cika shi da kitse, a goga ƙyalle da babban yatsa. Yana da sauri, amma ƙura da yashi suna mannewa, su bi ƙyalle su karce bututu. Shi ya sa muke yaba yadda kuke zaunar da murfi ya rufu ruf, makamarsa ta riƙe ba tare da ya buɗe a daji ba.

Allah ya ƙara basira, ya albarkaci sana'a.

Naku,
Wasu ma'abota bindigar ɗuri