Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Tambaye Ni Amfanin Aikin Farfesa Barthelmie

Malam, assalamu alaikum.

Tunda a bainar jama'a ka jefo mini tambayar, a bainar jama'a zan ba ka amsa. Ka ce ban da yawan ambaton sunanta a mujallun ilimi, me Farfesa Rebecca Barthelmie ta tsinana wa harkar samar da lantarki daga iskar teku, har nake tilasta wa ɗalibai karanta rubuce-rubucenta? Ka ce ba ta taɓa kafa injin ko ɗaya ba. Sannan ka ƙara da cewa wataƙila yabon nawa neman gindin zama ne, ko a dace a gayyace ni Jami'ar Cornell inda take koyarwa. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta yi mini ciwo, domin ka san ni, kuma ka san ban taɓa sanya sunan wani a jerin karatun ɗalibaina don wata alfarma ba. Ba zan wanke kaina da rantsuwa ba, aikin nata zan shimfiɗa maka.

A 1991 aka kafa gandun injinan iska na farko a cikin teku, a Vindeby ta ƙasar Danmak, da injina 11 kacal. A 2002 aka buɗe Horns Rev a yammacin ƙasar, mai injina 80 da ƙarfin megawat 160, an jera su sahu-sahu da tazarar mita 560 tsakanin kowane biyu. Nan ne wata matsala da aka daɗe da sani a takarda ta zama maganar kuɗi. Injin da ke gaba yana zuƙe ƙarfin iska, ya bar wa na bayansa iska mai rauni kuma a hargitse, kamar yadda manomin da ke ƙarshen magudanar ruwa ba ya samun komai sai ragowar abin da na gaba suka bari. Raunin ba ƙarami ba ne, domin idan gudun iska ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin da ke cikinta yana raguwa da kusan kashi 27. A teku kuma abin ya fi tsanani, saboda fuskar ruwa a shafe take, babu tuddai da itatuwa da za su gauraya iskar ta farfaɗo da wuri.

Akwai lissafin da N. O. Jensen ya fitar a cibiyar bincike ta Risø da ke Danmak tun 1983 don ƙiyasta wannan asara, amma a lokacin babu babban gandu a teku da za a gwada shi a kai. Abin da Barthelmie da abokan aikinta suka yi shi ne ɗaukar bayanan da injinan Horns Rev da na Nysted, wani gandun teku a Danmak mai injina 72, suke tarawa da kansu, suka tace su bisa alƙiblar iska da gudunta, sannan suka gwama su da abin da lissafe-lissafen kwamfuta daban-daban suka hasaso. A takardunsu na 2009 da 2010 sun nuna cewa idan iska ta biyo sahu kai tsaye, injin na biyu yakan ba da kusan kashi 60 ne kawai na abin da na farko ya bayar, kuma manyan gandaye kan rasa kashi 10 zuwa 20 na lantarkinsu ta wannan hanya. Sun kuma nuna cewa asarar tana sauyawa da gudun iska, da tazarar injina, da yadda sararin sama yake a kwance ko a motse.

To, Malam, wanda zai zuba dukiya a gandun da zai yi shekara ashirin ko fiye yana aiki, da wane adadi zai je gaban banki? Idan ya matse injina wuri ɗaya zai rage kuɗin wayoyin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin teku, amma zai yi asarar lantarki. Idan ya warwatsa su, kuɗin wayoyi da na wuri su ƙaru. Gandun Lillgrund na Suwidin, mai injina 48, an matse shi sosai, kuma asararsa ta zarce ta Horns Rev nesa ba kusa ba. A watan Oktoba na 2019 kamfanin Ørsted, wanda yana cikin mafi girma a wannan harka, ya fito ya rage hasashensa na lantarkin da gandayensa za su samar, ya ce bai ba wannan asara da tokarewar iska a gaban gandu cikakken nauyinsu ba. Har yau masu fitowa da sabon lissafi da yawa sukan gwada shi da alƙaluman Horns Rev. Wannan nake nufi da tasiri, kuma shi ya jawo ambaton da kake rainawa.

Maganar cewa ba ta kafa injin ba, ai ba aikinta ba ne, ba kuma ita kaɗai ta yi binciken ba, ban taɓa cewa haka ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kai ne ka fi kowa riƙo da ƙidayar takardu idan ana maganar ƙarin girma, kuma na lura tambayar ba ta taso ba sai da ɗalibai suka fara karkata ga fannin nan. Wannan ƙidaya ta yi wa jami'o'inmu illa. Matashin da ya shafe shekara biyu yana auna iska da tace bayanai yakan fito da takarda ɗaya, wanda ya zauna yana juya tsohon lissafi ya fito da goma, kuma na biyun ake ɗaukakawa. Ga shi kamfanoni suna ƙanƙame bayanan injinansu a matsayin sirrin kasuwa, ta yadda mai son gwada lissafinsa da gaskiyar abin da ke faruwa a teku yakan sha wuya kafin ya samu.

Ina roƙonka ka karanta takardar 2010 daga farko zuwa ƙarshe. Idan ka nuna mini inda alƙalumanta suka kauce, zan cire ta daga jerin karatun ɗalibaina a zangon nan. Zargin neman gindin zama kuwa, ina buƙatar ka janye shi a wurin da ka furta shi.

Wassalam.