Wasiƙa ga Edita: Patrick Stewart da nauyin da ya ba wa labaran sararin samaniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani dattijon ɗan wasa na ƙasar Ingila, Patrick Stewart. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake jin mutanenmu, har da masu zurfin karatu, suna ɗaukar fina-finan ƙagaggun labaran kimiyya, irin na kumbo da duniyoyin da ke can bayan taurari, a matsayin abin kallon yara. Ban yarda da wannan ra'ayi ba, kuma aikin wannan mutum shi ne hujjata.

An haife shi a 1940 a Mirfield, wani ƙaramin gari a yankin Yorkshire, a gidan talakawa. Mahaifiyarsa ma'aikaciyar masaƙa ce, mahaifinsa kuwa soja ne da ya kai muƙamin samanja a Yaƙin Duniya na Biyu. Yana da shekara 15 ya bar makaranta ya kama aiki a wata ƙaramar jaridar yankinsu, amma hankalinsa yana kan wasan kwaikwayo, har dai shugabansa ya ce ya zaɓi ɗaya, shi kuwa ya zaɓi wasa. Ya yi horo a makarantar wasan kwaikwayo ta Bristol Old Vic, sannan a 1966 ya shiga ƙungiyar wasan daɓe ta Royal Shakespeare Company, inda ya zauna har 1982. Duk wanda ya san wasan daɓe ya san abin da waɗannan shekaru suke nufi: babu kyamarar da za a tsayar a sake ɗauka, babu na'urar da za ta gyara murya, sai dai mutum ya haddace dogayen baitoci ya kai su kunnen wanda ke zaune a layin ƙarshe, daren yau da na gobe.

A 1987 aka ba shi matsayin Kyaftin Jean-Luc Picard, shugaban wani kumbo, a shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek: The Next Generation. Wanda ya ƙirƙiri shirin, Gene Roddenberry, da fari bai so shi ba, domin ba ya hango Baturen Ingila mai sanƙo a kujerar jarumi, kuma Stewart gashinsa ya zube tun yana ɗan shekara 19. Shi kansa bai ɗauka shirin zai kai labari ba, har ya faɗa daga baya cewa makonnin farko bai ko kwance akwatin kayansa ba. Sai ga shi shirin ya yi zango 7, kashi 178, har zuwa 1994.

Kyaftin ɗin da ya fito da shi mutum ne mai sauraren na ƙasa da shi, mai neman sulhu kafin ya ba da umarnin harbi, wanda kwarjininsa yake cikin murya da natsuwa. A wani kashi na 1989 an kafa kotu a kan tambayar ko wani mutum-mutumi mai tunani da ke aiki a kumbon dukiyar hukuma ne ko kuwa yana da 'yancin kansa, kuma kyaftin ne ya tsaya masa lauya. Babban ɓangare na kashin a ɗakin shari'a aka yi shi, ana musayar hujjoji, har magana ta gangaro kan bauta. Da ɗan wasa maras horo aka ba wa waɗannan kalmomi da sun zama huɗuba mai gundura, amma a bakin Stewart sai mai kallo ya ji kamar shari'ar ɗan'uwansa ake yi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne kashin da ake kira Chain of Command, na watan Disambar 1992, wanda na fara gani a faifan DVD da wani abokina ya ara mini. Abokan gāba sun kama kyaftin, suka tuɓe shi, suka rataye shi ta wuyan hannu, suka hana shi barci da abinci. Mai azabtar da shi, wanda wani gogaggen ɗan wasan Ingila, David Warner, ya fito a matsayinsa, ba ya ɗaga murya. Yana magana cikin ladabi, har 'yarsa ƙarama tana shigowa ɗakin ya yi mata wasa. Sai ya kunna fitilu huɗu a fuskar fursunan ya tambaye shi guda nawa yake gani, idan ya ce huɗu a gana masa azaba, domin amsar da ake so ita ce biyar. A nan kowa zai gane cewa ba sirrin soja ake nema ba kuma, so ake a karya mutum har ya ƙaryata idonsa. Kafin ɗaukar wannan kashi Stewart ya kalli faya-fayan da ƙungiyar Amnesty International ta tattara na waɗanda suka tsira daga azabtarwa, kuma hakan ya bayyana a rawar jikinsa da yadda muryarsa take dishewa. Da aka zo sakinsa ya yi kururuwa cewa fitilu huɗu ne, sai mai kallo ya ɗauka ya yi nasara. Amma da ya koma kumbonsa, ya zauna da mai ba shi shawara, sai ya gaya mata a hankali cewa a ƙarshe ya shirya faɗin duk abin da ake so, kuma har ya fara ganin fitilun biyar ne da gaske. Na daɗe zaune bayan faifan ya ƙare ban tashi ba. Ban ga wani fim da ya faɗi gaskiyar abin da azaba take yi wa ɗan Adam fiye da wannan ba, ga shi kuwa a cikin kumbo aka faɗe ta.

Ina kyautata zaton ya iya wannan ne saboda ya san tsoro tun yana yaro. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa mahaifinsa yana dukan mahaifiyarsa, musamman idan ya sha giya a ƙarshen mako, kuma waɗanda ake kira su kawo ɗauki sukan ɗora mata wani ɓangare na laifin. Shi ya sa ya zama uban ƙungiyar Refuge mai taimakon matan da ake cin zarafinsu a gidajensu. A 2012, a wani shirin BBC na binciken asali, ya gano cewa mahaifin nasa ya dawo daga fagen yaƙi a Faransa da ciwon firgici da ba a yi masa magani ba. Bai ce wannan ya wanke shi ba, amma ya fara tallafa wa ƙungiyar Combat Stress mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffin sojoji. Wannan adalci da ya yi wa iyayensa biyu ya ƙara masa girma a idona.

Matasa da yawa sun san shi ne a matsayin Farfesa Xavier na fina-finan X-Men, wanda ya fara fitowa a cikinsu a 2000. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi lambar girma ta Sir a 2010, kuma ya koma matsayin Picard daga 2020 zuwa 2023, ya nuna shi a matsayin tsoho mai nadama da raunin jiki, ba tare da ɓoye shekarunsa ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne shafinku na nishaɗi ya riƙa ware wuri, ko da sau ɗaya a wata, domin nazarin aikin irin waɗannan dattawan 'yan wasa, yadda suka koyi sana'ar da abin da suka yi da ita. Idan za a fara, ina ba da shawarar a fara da wancan kashi na fitilu huɗu, a samu marubucin da zai kalle shi da kyau ya warware wa masu karatu.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya