Zuwa ga ɗana a Jos, kan birkin da ya ƙi kamawa

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da yaran shagonka, kamar yadda muke lafiya a nan Kano. Innarka ta ce in gaya maka ka daina fita da asuba ba rigar sanyi.

Shekaranjiya layi bai bar mu mun ƙarasa magana ba. Abin da na ji shi ne an kawo maka babban babur mai birkin faifai, ka canja masa tiyon birkin gaba, ka wuni kana matsawa amma hannun yana nan lagwab kamar ana matsa burodi. Na kuma ji a muryarka kana so ka miƙa wa mai shi, tunda "yana ɗan kamawa". Kada ka miƙa. Mutumin da zai gangara Hawan Kibo ba a sallamarsa da birkin da yake ɗan kamawa.

Ba laifinka ba ne. A kan Boxer da Jincheng ka buɗe ido, masu birkin waya da sanda, ka ɗaure noti ka gama. Ni a kan Fijo 504 na koyi birkin mai: maigidana a ƙarƙashin mota, ni a kujerar direba, yana ta ihu, "Buga! Buga! Riƙe!" Da aka hana acaɓa a Kano a 2013, Adaidaita Sahu suka cika gari, su ma birkinsu na mai ne, sai tsohon karatu ya dawo mini sabo.

Sirrin abin guda ne. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. In tiyo cike yake da mai zalla, abin da yatsunka suka matsa a sama shi zai isa faifai a ƙasa. In akwai kumfa ko kamar ƙwayar gero, ita za ta shanye ƙarfin. Kuma iska sama take nema. Birkin gaba na babur kuwa a tsaye yake, kofin mai a sama, kalifa mai damƙe faifai a ƙasa, wato kai kana korar iska ƙasa, ita tana komawa sama. Abin da ya cinye maka wuni ke nan.

Kayan aikin ba su da tsada: sifana mai zobe, yawanci lamba 8, siririn tiyo fari wanda ake ganin cikinsa, kwalba mai tsabta, tsumma, da sabon man birki wanda kai ka fasa bakinsa. Sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan notin iska, wato ɗan notin jikin kalifa da ake fitar da iska ta cikinsa, ka ajiye ta gefe. Sukurorin murfin kofin ma laushi gare su, ka danna sukudireba sosai kafin ka juya. Sannan ka rufe tanki da jiƙaƙƙen tsumma, don man birki yana cin fenti. Ina yaron shago na taɓa ɗiga shi a kan sabon tanki, na ce bari in gama in goge. Kuɗin wata guda na biya, ban da marin da na sha.

Ka karkata kan babur har kofin ya daidaita, ka cika shi. Ka fara sa sifana a notin iska, sannan ka sa tiyon a kai, ya ɗan yi sama kafin ya sauka cikin kwalba, bakinsa a nutse cikin ɗan mai. Matsa hannu a hankali sau uku ko huɗu, ka riƙe. Buɗe notin kaɗan, rubu'in juyi ya isa. Hannun zai tafi. Rufe notin tukuna, sannan ka saki hannun. Nan yara suke ɓata aiki: su saki kafin su rufe, iskar da suka fitar ta koma gida. Idonka kuma a kan kofin, don in ya ƙafe ka koma farko. Sauri ya haifi nawa. In faifai biyu ne da tiyo ɗaya da ya rabu, fara da wanda ya fi nisa da masta, wato famfon da ke jikin hannun birki.

Amma tiyon da aka canja, wanda ba ko ɗigon mai a cikinsa, ni ba na wahalar da kaina da wannan hanyar. Sirinji nake ɗauka, babba, mai mililita 50 ko 60 irin na kemis. In zuƙe man da ke cikin kofi, in cika sirinjin da sabo, in ɗaga bakinsa in kori iskar cikinsa yadda ma'aikatan asibiti suke yi, in haɗa da notin iska, in buɗe, in tura sannu a hankali. Mai yana hawa, iska tana gabansa, tunda can dama take son zuwa. Sai ka ga kumfa tana fitowa a kofi. Ka sa yaro ya tsaya a kai kada ya tumbatsa. In man da ke cikin kalifa ya yi baƙi, fara wanke shi ta ƙasa, kada ka tura wa masta datti. Akwai kuma famfon hannu mai zuƙo mai ta notin, irin su Mityvac. Yana da sauri, sai dai yana yaudara: iska takan bi ta zaren notin ta shiga tiyon, ka yi ta ganin kumfa alhali birkin ya daɗe da tsarkaka. Ni dai sirinjina ya fi mini.

In ka yi duk wannan hannun bai yi tauri ba, duba notin da ya haɗa tiyo da masta a sama, mai rami a ciki da wosha biyu. Nan ne maɓoyarta. Naɗe shi da tsumma, matsa hannu ka riƙe, sassauta shi kaɗan har mai ya tsattsafo, ka ɗaure, ka saki. Woshoshin nan ba a maimaita su, ina fata ka sa sababbi. Da yamma ka ƙwanƙwasa kalifa da tiyo da ƙotar sukudireba, ka ɗaure hannun birkin da robar tsohon tib, ya kwana haka. Sau da yawa da safe sai ka tarar ya yi tauri. In kuwa ka riƙe hannu da ƙarfi ka ji yana nutsewa a hankali, wannan ba iska ba ce, robar masta ce ta gaji, ko mai yana yoyo a wani wuri. Tsohon tiyo ma yakan kumbura ya shanye ƙarfi, shi ya sa littattafan Yamaha suke cewa a canja shi duk shekara 4. Wasu babura kuma masu ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, in iska ta shiga famfonsu, sai an jona kwamfuta. Ka gaya wa mai shi gaskiya, ba abin kunya ba ne.

Maganar mai. Karanta murfin kofi, an rubuta a kai. Lambar DOT ita ke nuna nau'in man birki. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ne. DOT 5 bare ne, na silikon, ba ya haɗuwa da su, kada lambar ta ruɗe ka. Su kuma dangin nan suna shan danshin iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ƙa'idarsa ta sauko 155. A doguwar gangara faifai ya yi zafi, man ya tafasa, tururi ya cika tiyo, mutum ya matsa ya ji wayam. Don haka ake canja shi duk shekara 2, kuma ragowar gwangwanin da ya yi damina a buɗe ba na birkin mutane ba ne. Masu zuba ruwan omo kuwa, Allah ya shirye su. Kada in ji an yi a shagonka.

Ka ce akwai wani mai kulocin mai yana jira. Hanyar ɗaya ce, notinsa yana kan ƙaramar silinda, galibi ta hagu kusa da inda sarƙa ta taso. Amma kada ka jira hannun kuloci ya yi tauri kamar na birki, ba zai yi ba, sifirin yake turawa. Alamar iska a nan ita ce ka matse hannu ka sa giya babur ya riƙa jan jiki, ko firi ya ƙi samuwa. Sirinji ya fi dacewa da shi. Kada ka matsa hannu silindar tana kwance, fistin ɗinta zai fito. Kada kuma ka cika kofin fal, don a yawancinsu man ƙaruwa yake yi in faifan kuloci suna cinyewa, saɓanin na birki. Babban tarkon shi ne, da yawa daga cikin kulocin kamfanin Magura, irin na wasu KTM da BMW, man ma'adinai suke sha, na Brembo kuma DOT. Ka zuba na wannan a wancan, robobin su lalace, kayan kuma ba a kowace kasuwa ake samunsu ba. In rubutun murfi ya goge, nemi littafin babur ɗin a intanet. Kai ka fi ni iya wannan.

Kafin ka ba mai shi makulli, wanke duk inda mai ya taɓa da ruwa, ka tabbata bai ɗiga a faifai ko fad ɗin da ke matse shi ba. Tura babur ɗin da ƙafa ka kama birki, sannan ka hau ka zaga layi a hankali da kanka.

Na ba direban da ya saba kawo maka saƙo sirinji biyu da tiyo yadi ɗaya. Ɗaya na DOT, ɗaya na man ma'adinai, na ɗaura wa na biyun jan zare don kada yaranka su gauraya. Akwai kuma ƙullin yaji daga Innarka. In hannun ya yi tauri ka kira ni bayan la'asar, ina so in ji a ina iskar ta ɓuya. Ni dai na ce a notin sama ne.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka