Wasiƙa zuwa ga aminina kan kai wa ƙananan manoma taki da iri

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki? Saƙonka ya iso ni makonni uku da suka wuce, ka yi haƙuri da jinkirin amsa. So na yi in karanta takardar shirin da ka haɗo a tsanake kafin in buɗe baki, sai ga shi na karanta ta har sau uku.

Ka ce kai da abokan aikinka kuna son ku ƙirƙiro manhajar da ƙaramin manomi zai danna a wayarsa ya yi odar taki da iri da maganin feshi, a kawo masa har ƙauye. Ka kuma ce in gaya maka gaskiya ko ba daɗi. To ga ta nan. Shafi goma sha biyu ka rubuta, tara a kan manhajar, motar da za ta ɗauko kayan kuwa layi biyu ka ba ta. Da ni ne da na juya rabon.

Ka san shekarun da na yi ina bin ƙungiyoyin manoma. Wata shekara muka tara sunaye, kowa ya faɗi buhu nawa yake so, aka biya, wani kamfani ya yi alkawarin kawo takin yuriya kafin shuka. Ruwan shuka ya sauka, babu mota. Aka yi noman farko, babu mota. Ranar da ta iso masara ta wuce ƙugu, ganyen ƙasa duk sun yi rawaya. Wani dattijo ya zagaya buhunan yana dubawa, ya sa ɗan yatsa ya latsa ɗaya, ya ce da ni, "Malam, wannan ai na baɗi ne." Ban sami abin ce masa ba. Kashi 46 cikin ɗari na yuriya sinadarin naitirojin ne, kuma an fi so a zuba wa masara shi wajen mako huɗu zuwa shida bayan shuka. In aka makara da yawa, amfaninsa yana raguwa. Ajiyar ma ba ta yi mana daɗi ba, don yuriya tana jan danshi, kafin wata damina rabin buhunan sun dunƙule kamar dutse. Odar kam an karɓe ta daidai, ba a yi kuskuren suna ko ɗaya ba.

Ka kawo maganar taron Abuja na 2006, inda shugabannin Afirka suka ƙudurta ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 a kowace hekta zuwa kilo 50 kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce ba a cimma ba. Kai kana ganin nisa ne ya hana, wato manomi ba ya iya zuwa gari sayo kaya. Nisa yana ciki. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne kuɗi da buƙata ba sa haɗuwa a wata ɗaya. Da kaka manomi yana da kuɗi, amma ba ya buƙatar taki. Kafin ruwa ya sauka an yi wata biyar ko shida, an biya kuɗin makaranta, an sayi magani, ɗan'uwa ya zo rance ba a iya hana shi ba. Ranar da gona take neman taki aljihu ya bushe. Idan manhajarka tana jiran manomi ya yi oda lokacin shuka, to tana jiran mutumin da ba shi da abin biya.

An gwada wannan a zahiri. A gundumar Busia da ke yammacin Kenya, masana tattalin arziki Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun sa an bi manoma gida-gida da zarar an gama girbi, ana sayar musu da takardar karɓar taki a kan farashinsa na kasuwa, ba ragi, sai dai alkawarin za a kawo musu kyauta lokacin da suke so. Wannan ɗan sauƙi ya ƙara yawan masu zuba taki kwatankwacin yadda ragin rabin kuɗi ya ƙara idan an bari sai damina ta kama aka yi tayin. A 2011 suka fitar da sakamakon, kuma Duflo da Kremer suna cikin ukun da aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Ka lura da kyau, babu waya a cikin labarin nan. Mutum ne ya ƙwanƙwasa ƙofa a watan da ya dace.

Ƙungiyar myAgro, wadda Anushka Ratnayake ta kafa a Mali a 2011, ta ɗauki wannan tunani ta sa masa waya. Yadda suka fara shi ne, manomi ya sayi kati irin na kiran waya, a kankare, a tura lambar, kuɗin ya shiga asusunsa na taki da iri. Yau kaɗan, jibi kaɗan, har ya cika, sannan a kawo kayan kafin shuka. Ba bashi ba ne, ajiya ce da ba ta ciruwa sai ta zama taki. Ita kuwa One Acre Fund, da Andrew Youn ya faro a yammacin Kenya a 2006, bashin take bayarwa, manoma su haɗu rukuni-rukuni, a sauke musu kaya a wurin da ƙafa za ta iya kai su, su riƙa biya a hankali. Ni na fi karkata ga ajiya, saboda na ga yadda bashi yake raba maƙwabta shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Amma wannan ra'ayina ne, za mu iya yin gardamarsa in mun haɗu.

Yanzu motar. Ka rubuta "har ƙofar gida", ina roƙonka ka goge. Wani nazari na masanan hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya nuna kashi 84 cikin ɗari na gonakin duniya ba su kai hekta biyu ba. Mai irin wannan gona buhu ɗaya yake so, ko rabi, da ɗan ƙullin iri kilo biyu da kwalbar maganin ciyawa. Babu motar da za ta shiga hanya mai laka don rabin buhu ta fito da riba. Abin da yake yiwuwa shi ne a haɗa odar ƙauye huɗu ko biyar, a sa rana ɗaya, a sauke a wuri ɗaya da kowa ya sani, sauran tafiyar babur da keke da amalanke su ƙarasa. Kuma a yi wannan tun da rani, hanya a bushe. Wanda ya bari sai an fara ruwa, ya shirya kwana a bakin rafi da taki a bayan mota. Ku kuma nemi mai ƙulla muku ƙananan buhuna na kilo 10 da 25 tun daga masana'anta, a rufe da hatimi. Da zarar an farke buhu mai kilo 50 ana sayarwa a awo, babu wanda zai iya rantsewa kan abin da ke ciki.

Maganar jabu ke nan, wadda ba ka taɓo ba ko kaɗan. Wani bincike da aka buga a 2017 ya auna kayan da ake sayarwa a shagunan Uganda, ya tarar kusan kashi 30 cikin ɗari na sinadarin da ya kamata a samu a taki babu shi, irin masara mai aure kuma na gaskiyar da ke ciki bai kai rabi ba. Abin mamaki, da aka yi irin wannan awo a Tanzaniya sai aka samu yuriyar lafiyarta ƙalau, amma manoma suna zarginta, musamman in sun ga ta dunƙule ko ta canza launi. Ko jabun na gaske ne ko zato ne, abu ɗaya yake haifarwa: mutum ya riƙe kuɗinsa. Kai kuwa cewa za ka yi ya biya da kaka a kan kayan da ba zai gani ba sai bayan wata biyar. Mene ne zai sa ya yarda da kai?

Abin da ya taɓa yi mana aiki ƙarami ne. Ranar sauke kaya sai mu farke ƙullin iri ɗaya a gaban kowa, a ƙirga ƙwaya ɗari, a jera a kan jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a damƙa wa wanda jama'a suka zaɓa. Bayan mako guda a taru a warware a ƙirga masu tsiro. Na ga wata mata ta tsuguna tana ƙirga da tsinke, tana ware waɗanda ba su fito ba gefe guda, ta ƙirga sau biyu, ta miƙe ba ta ce komai ba. Da kaka ta zo da ƙawayenta uku a rubuta sunansu. In kuwa tsiron ya gaza, dole ku ɗauke kayan ku canza, da kuɗinku. Ku sa wannan asara a lissafi tun yanzu.

Ita wayar ba na raina ta. Tana hana a ci kuɗin mutane a hanya, tana ba ku lissafin buhu nawa za ku nema tun da wuri, wanda da shi ne za ku yi ciniki da masana'anta. Sai dai ka tuna waye zai riƙe ta. Da yawa ƙaramar waya ce mai maɓalli, wata ma mutum huɗu ne suke amfani da ita a gida ɗaya, kuma sau da yawa ba a hannun matar da take noman take ba. Wani ba ya karatu. A Indiya kamfanin AgroStar da fulashin ya fara: manomi ya kira ya katse, su kira shi su ji abin da yake so. Ku fara da irin wannan, da gajeren saƙo mai tabbatar da an karɓi kuɗi. Mai manhajar a hannu shi ne wakilinku na ƙauye, kuma a kansa komai ya rataya. Ku zaɓi wanda yake noma a nan, wanda in kaya suka makara ba shi da inda zai gudu. Ku biya shi ladansa a kan kayan da suka isa hannun mai su, ba a kan yawan sunayen da ya rubuta ba, in ba haka ba za ku sha sunayen mutanen da ba a haifa ba. Kada kuma ku ɗauki masu shagunan kayan gona na kusa a matsayin kishiyoyi. Suna da sito, sun san wanda yake biya da wanda ba ya biya, wasunsu su ne za su fi dacewa da wakilcin.

Abin da nake so ka aiko mini ba sabon zanen manhaja ba ne. Ka ɗauki takarda ɗaya, ka rubuta ranar da kake sa ran ruwan shuka a yankin da za ku fara, sannan ka yi ta ja da baya: ranar sauke kaya, ranar lodi, ranar biyan masana'anta, ranar rufe karɓar oda. Ina zaton za ka tarar ranar rufe karɓar odar ta faɗo cikin kakar da muke ciki, ko ma ta wuce. In ta wuce, ku ɗauki ƙauye biyar kawai bana, ku bar sauran sai baɗi.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, ka ce wa babban ina nan ina jiran wasiƙar da ya yi mini alkawari. Ina sauraron takardar kwanakin.

Naka,
Amininka