Wasiƙar Zango na Biyu: Mutum-mutumin da Yaranmu Suke Koya wa Tafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, da yayye da kawunnai masu riƙon ɗalibanmu, muna gaishe ku, da fatan an shigo sabon zango lafiya. Jarrabawar tsakiyar zango tana nan a mako na shida, kuma alhamdu lillahi an gyara famfon alwala da ya daɗe yana yoyo. Bayanin kuɗin makaranta yana cikin takardar da aka ba kowane yaro.

Wasunku sun tare ni bayan sallar Juma'a a nan Agege suna tambaya: "Malam, wane irin mutum-mutumi ne yaran nan suka ishe mu da labarinsa a gida?" Haƙƙinku ne ku sani, don haka ga bayani.

Bai kai kwalbar lemo tsayi ba. Ɗan akwati ne na roba a kan ƙafafu biyu, samfurin da ake kira Otto, wanda masu shi suka saki zanensa kyauta a intanet domin kowa ya haɗa nasa. A cikinsa akwai ɗan allon lantarki mai suna Arduino Nano, kamar girman babban yatsa. An fara ƙera Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005, kuma tun asali don ɗalibai aka yi shi. Sai ƙananan injina huɗu masu juya gaɓa, biyu a ƙugu, biyu a idon sawu, kowanne yana juyawa daga digiri 0 zuwa 180. Kayan mun samo su a Computer Village da ke Ikeja, yaran kuma su suka ɗaura kowace kusa da hannunsu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, wannan abu ba ya tunani. Ko taku ɗaya ba zai yi ba sai yaro ya faɗa masa wace gaɓa zai juya, digiri nawa, na tsawon wane lokaci. Ƙananan ajujuwa suna jera umarnin ne kamar tubali a fuskar kwamfuta, irin tsarin Scratch da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Manya kuwa sun fara rubuta shi layi-layi.

Asabar ɗin da ta wuce na tsaya a bayan wata yarinya 'yar aji biyu ta ƙaramar sakandare. Nata mutum-mutumin da ya ɗaga ƙafar dama sai ya kife a kan teburi. Sau bakwai ina ƙirgawa. Ba ta kira malami ba. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga ƙafarta ɗaya a hankali tana kallon ƙasa, sai na ji ta ce wa ƙawarta, "Kin gani? Sai na fara jingina nauyina a ɗayar tukuna." Ta zauna ta sa idon sawun hagu ya karkata kafin ƙugun dama ya motsa, ta rage juyin daga digiri 30 zuwa 20. Ya yi taku huɗu yana rangaji kamar yaron da ke koyon tafiya, bai faɗi ba. Wallahi na daɗe ban ga fuskar ɗaliba ta haskaka haka a kan lissafi ba, kuma wannan yarinyar a da ko ambaton kusurwa ba ta so a yi.

Abin da suke kira idanunsa ma ba ganin komai suke yi ba. Ɗaya yana fitar da sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ba ya ji, ɗayan yana jiran amsa-kuwwa, yadda jemage yake yi cikin duhu. Tunda sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, yaro sai ya ninka da lokacin da aka ɗauka, ya raba biyu saboda zuwa da dawowa, ya san nisan bango. Wanda ya manta raba biyun, nasa sai ya yi karo da bango a gaban kowa, kuma ba ya sake mantawa.

Wani daga cikinku ya ce me ya hana mu sayi babba irin na talabijin. Akwai su. NAO, wanda kamfanin Aldebaran na Faransa ya ƙera, tsayinsa santimita 58, yana da gaɓoɓi 25, kuma a 2008 aka fara buga ƙwallo da shi a RoboCup, gasar mutum-mutumi ta duniya. Amma kuɗinsa miliyoyin naira ne, kuma ko da an ba mu kyauta, wa zai yarda yaro ya sa masa sukudireba? Ni na fi son wanda idan ya lalace yaro zai buɗe cikinsa ba tare da gaban kowa ya faɗi ba.

Sai maganar da ta fi nauyi. Sunan mutum-mutumi kansa ya sa wasu iyaye ɗari-ɗari, saboda batun siffa, kuma ban ga laifinsu ba. Mun zauna da malaman addini na makaranta, shi ya sa muka bar shi akwati kawai, ba a zana masa fuska ba. Duk wanda har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ɗansa zai yi aiki da mai tayoyi, darasin ɗaya ne, ba zai rasa komai ba. Ina kuma so yaranmu su san sana'ar nan ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi. A 1206 injiniya Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar Diyarbakir cikin Turkiyya ta yau, ya rubuta yadda ake haɗa na'urori masu motsi da ƙarfin ruwa, har da ta wanke hannu mai miƙo sabulu da tawul.

Roƙona ga iyaye mata musamman: a bar 'yan mata su zo darasin mutum-mutumin da muke yi ranar Asabar. Na san Asabar ranar wanki da aike ce, na kuma san halin goslo a garin nan. Awa biyu ne kacal, daga ƙarfe 10 zuwa 12, mun tsara shi yadda ba zai ci karo da Islamiyya ba, kuma akwai malama mace a ɗakin har a tashi.

Kwamfutocinmu huɗu ne, yara kuwa sun haura talatin, sai mutum bakwai ko takwas su yi cincirindo a kan guda. Mai tsohuwar kwamfutar cinya da ba ya amfani da ita, ko tsohuwar caja da wayarta, ya taimaka ya kawo ofis. Iyayenmu masu gyaran waya a Ikeja da Alaba kuma, muna neman mutum biyu da za su ba mu Asabar ɗaya su nuna wa yaran yadda ake liƙa waya da dalma ba tare da an ƙona yatsa ba. Wannan ku kuka fi mu sani.

Asabar ta ƙarshe kafin hutu ƙofa a buɗe take daga ƙarfe 10. Ku zo da ƙannensu, kowane rukuni zai sa nasa ya yi tafiya a gabanku.

Wassalamu alaikum.

Shugaban makaranta